Gefen Takardun Malam Jatau

Tsafe, 9 ga Rabi'ul Awwal, 1342

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wannan takarda ta fito daga hannun Shafa'atu, 'yar marigayi Malam Jatau mai zayyana na Bungudu, zuwa ga yayana Malam Arzika mai fatu a Gusau. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali manya da ƙanana. Ina gajiya, yaya kaka? Mu nan lafiya lau, gero ya shigo gida, dawa ce ta rage a gona.

Bayan haka, Yaya, magana ɗaya ce, kuma ka san ta, don wannan ne karo na uku da nake yi maka ita. Ina roƙo ka ara mini gafakar Malam, wadda takardun zayyanarsa ashirin da bakwai suke ciki. Ban ce ka ba ni ba. Ranar rabon gado kai ta faɗo wa, ban yi gardama ba a lokacin, ba kuma zan fara yanzu da furfura ba. Aro nake nema na rani ɗaya, in zauna in kwafe su ɗaya bayan ɗaya, in mayar maka da abinka.

Abin da ya sa na matsa bana idona ne. Tun bara na hagu ya fara yana, yanzu in na dubi allo sai in ga kamar ta cikin hayaƙin murhu nake kallonsa. Na dama yana da sauransa, amma shi ma da rana ta karkata sai ya yi mini yaji. 'Yata Wasila ce take zura mini zare a allura, ni da nake ja wa Malam layin da ya fi gashi siranta. An sa mini tozali, an ɗiga mini ruwan ganye iri-iri. Har wani wanzami daga 'Yankuzo ya ce zai kwantar da yanar da tsinke, na ce ya dakata sai na gama aikin da ke gabana.

Kai ka bi fatake tun kana ɗan shekara goma sha biyu, ƙanenmu Rabi'u kuma fartanya ta ɗauke shi. Ni na zauna gindin Malam shekara tara, ina dama masa tawada baƙa da ja, ina riƙe masa zare yana kewaya da'ira. Cikin ashirin da bakwai ɗin nan huɗu kawai na riƙe da ka, sauran sai da takarda a gabana. In idon nan ya rufe ban kwafe su ba, babu wani mai rai da zai sake zana su.

Mai kawo maka wannan takarda Dogo ne mai jakuna, amintacce ne, jibi zai juyo. Ka naɗe gafakar cikin buzu ka ba shi. Kada ka ce mini sai ka zo da kanka, shekara huɗu ke nan kana zuwa Tsafe da baki.

A gaida matarka Hanatu da yara. Allah ya bar zumunci. Wasalam.

Gusau, 12 ga Rabi'ul Awwal

Daga Arzika zuwa ga ƙanwata Shafa'atu, gaisuwa da aminci da fatan alheri. Takardarki ta iso, na ji zancen ido, Allah ya sawwaƙe ya sa kaffara ne.

Sai dai kin makara da kwana tara, kuma wallahi ba da gangan na yi ba. Ki saurara ki ji yadda aka yi.

Akwai Baturen mulki a nan da ake ce wa Mai Lofe, don ba ya raba bakinsa da lofen taba. An ce za a yi wani gagarumin baje koli a ƙasarsu, kowace ƙasa da ke hannunsu za ta kai abin da mutanenta suka iya. Shi kuwa mutum ne mai wata irin lalura. Ba ruwansa da takobi ko sirdi, sai abin da aka yi wa zane, zanen ma ba na kada ko ƙadangare ba, sai layi da da'ira da kusurwa. Ya tara faya-fayai da tabarmi da ƙoren Fulani da aikin dukawa har sun cika masa ɗaki biyu. Tafintansa Lukuman ya taɓa ganin takardun Malam a zaurena, laifina ne, nakan fito da su in na yi baƙo. Shi ya kai labari, aka aiko. Kin san irin aiken nan, ana cewa in ka ga dama, amma masinja yana tsaye bakin ƙofa ya ƙi zama. An ce aro ne, shekara ɗaya a dawo da su.

Kafin a ɗaure kayan sai aka baje su kwana biyu a bariki, aka ce kowa ya zo ya gani. Shafa'atu, da kin ga takardun Malam a jere jikin farin bango, kowace an ba ta filinta ita kaɗai! Ni da na girma ina ganinsu a cushe cikin gafaka ban taɓa sanin haka suke ba. Mai Lofe ya tsaya gaban babbar cikinsu har lofensa ya mutu bai sani ba. Ya sa yatsa yana bin layi yana neman inda ya faro, ya bi ya bi ya dawo inda ya taso, sai ya yi dariya. Lukuman ya ce cewa ya yi masanan ƙasarsu sai da ƙarfen awo suke yin irin wannan. Wata tsohuwa daga Magami da ta kawo tabarma ta dube shi ta ce, "Wanga Bature lahiyatai kuwa? Mi shika biɗa ga takarda, awa wanda yaɓ ɓadda allura?" Mutane suka yi ta dariya, ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido.

Yanzu ga inda za ki gode mini. Kin san kowace takarda tana da rubutu a gefenta, siririn hannun nan na Malam. Da na zauna zan miƙa su sai gabana ya faɗi, don kowane rubutu da Bismillahi ya fara, sai salati, sai haruffa a rarrabe da jajayen ɗigo irin na hatimi. Na ce sunan Allah da asirin Malam su tafi hannun wanda ba ya alwala, a jefa su cikin jirgi tare da ɗanyun fatu? Na kai wa limamin unguwarmu Malam Jibo, ya duba ya ce lalle addu'o'in tsari ne, bai kamata su fita ba. Sai na samo baduku mai kaifin wuƙa ya yanke gefen kowace takarda tsaf, ko ƙwayar zane bai taɓa ba. Mai Lofe ma cewa ya yi sun fi kyau haka.

Rubutun kuma ban bar shi ya wulaƙanta ba. Na sa an naɗe kowane an ɗinke cikin jar fata, laya ashirin da bakwai, na raba wa dangi da abokan arziki kowa ya sami albarkar Malam. Takwas na aika Bungudu. Ga taki da ta Wasila a hannun Dogo. Ki rataya, wa ya sani ko ita ce maganin idon.

Ki yi haƙuri zuwa baɗi, da takardun sun dawo za su zo miki. Hanatu tana gaishe ki. Wasalam.

Tsafe, 16 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Yaya Arzika. Gaisuwa. Ina fatan kana lafiya.

Na karanta takardarka sau biyu, na ba Wasila ta karanta mini na uku, ko idona ne ya yi mini ƙarya. Sannan na ɗauki aska na farke layar da ka aiko, Wasila tana riƙe mini hannu tana salati. Bari in karanta maka addu'ar tsarin da kai da limaminku kuka ɗinke. Bayan Bismillahi da salati ga abin da ta ce: kafa tsinke a cibiya, kewaya da zare taƙi ɗaya, raba bakin da'ira gida goma sha biyu, daga na ɗaya tsallake huɗu, ja ya bi ta ƙarƙashin baƙi sannan ta bisa. Wannan ita ce ƙidayar zanen da Malam yake kira Gidan Zuma. Haruffan da ka gani a rarrabe lissafi ne, alif ɗaya, harafin ba biyu, jim uku. Jan ɗigo kuma yana nufin a ɗaga alƙalami. Malam da Bismillahi yake fara komai, ko da aiken gishiri zai rubuta.

Yaya, zayyanar Malam ba a kwafarta da kallo. Shi ya sa Baturenka ya bi layi ya rasa bakinsa, da gangan Malam yake ɓoye mafarin, launi ya rufe hujin tsinke. Ina yarinya na taɓa gwada kwafar ɗaya da ido a ɓoye, na yi kwana shida a kanta, da na zo rufewa layin ya kauce wa ɗan'uwansa da faɗin yatsa biyu. Malam ya gani bai yi faɗa ba, ya juyo mini gefen takardar ya ce in karanta. Abin da ka ba Bature ado ne, aikin kansa yana cikin abin da ka yanke.

Ban yi kuka ba, gajiyar ta yi yawa. Na zauna tsakar gida har inuwa ta bar ni ban iya tashi ba. Fushin da nake yi ma rabinsa da kaina ne. Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Malam ban taɓa buɗe baki na gaya maka abin da ke gefen nan ba, na ɗauka duk wanda aka haifa a gidan ya sani.

To ga abin da ya rage. Takardun su yi zamansu a ƙasar Turawa, in da ƙidaya a hannuna zan tayar da zanen ko ba su. Ka bi duk wanda ka ba laya ka karɓo mini. Ka ce za a musanya musu, ni zan rubuta musu ayar tsari ta gaskiya da hannuna. Na rubuta wa Rabi'u ma ya bi na Bungudu. Wadda na fi so a samo ita ce ta babbar takardar da Baturen ya tsaya a gabanta, Rijiya Tara sunanta. Shekara biyu Malam ya yi yana fitar da ita, sau ɗaya tak na ga ya zana ta. Rubutunta ya fi na sauran tsawo, ya zagaye gefe biyu, don haka layarta za ta fi kowace kauri. Ka tuna wanda ka ba.

Ka hanzarta don girman Allah. Ba ni ce mai gaggawar ba, idon dama ne. Wasalam.

Bungudu, 3 ga Rajab

Daga Rabi'u zuwa ga Yaya Shafa'atu. Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da hannuna, kin san ni da alƙalami ba ma ga maciji.

Aikin da kika sa ni na yi iyakar ƙoƙarina, kuma ya fi huɗar gona wuya. Uku na gidana na kwance su ranar da takardarki ta zo. Matata Dije ta kwana biyu ba ta yi mini magana, wai na tuɓe wa 'ya'yanta tsari ana shiga sanyi. Ta huɗu tana wurin maƙerin unguwarmu, ya bayar ba musu, amma gumin maƙera ya riga ya shige ta. Za ki gani, rubutun ya zama kunu.

Ta biyar tana ƙugun Iya Yelwa ƙanwar Malam. Sau uku ina zuwa. Na yi mata bayani cewa lissafin zane ne, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai Rabi'u, ni zaka gaya ma rubutun wana? Tun da niɗ ɗaura ta gwiwata ba ta ƙara kumburi ba. Lissahi na, mi na, ni dai ta yi man magani. Ku bari in mutu ku kwance abinku." Na ce mata idonki ne ba ya jira. Ta ce, "Ai da ba ta hwarke tata ba, da yanzu ta warke." Na ɗauki takalmina na taso.

Ta shida na ba Manu Bafulatanin da yake kiwon shanunmu, tun kafin takardarki ta zo. Ya rataya wa bajiminsa a wuya, sun yi kudu neman ruwa, sai damina. Biyun da suka rage suna wurin surukaina. Ɗaya ya tafi fatauci Kano da tasa. Ɗayan ya ce ta faɗa rijiya, ni kuwa ina ganin igiyarta a wuyansa ta cikin riga. Ba zan kama surukina da kokawa ba.

Ga huɗu ke nan. Babu mai kauri cikin waɗanda suka zo Bungudu, duk na latsa na ji. Na biya Gusau ranar kasuwa na tambayi Yaya Arzika ta Rijiya Tara, ya ce bai tuna ba, ya hau tari. Ya rame ƙwarai, tarin nan tun kaka bai sake shi ba, ban so in matsa masa ba.

Na gaji da yawon nan, Yaya. Mutane sun fara cewa gidan Malam sun yi kyauta sun dawo karɓa. Amma in kin ce in koma wurin Iya zan koma. A gaida Wasila da mai gidanta. Sai na ji daga gare ki.

Gusau, 20 ga Sha'aban

Daga Arzika zuwa ga Shafa'atu, gaisuwa da ban haƙuri.

Ga shida na samo, suna hannun Dogo. Malam Jibo ya ba da tasa, amma ya ce in gaya miki ko da lissafi ne, Bismillahin da ke kai ya isa dalili, shi bai yi kuskure ba. Ni ban ce haka ba. Tun ranar da na karanta takardarki ban sake shimfiɗa tabarma a zaure ba, gani nake kowa ya san abin da na yi.

Sauran sun watse. Wasu sun bi fatake, ɗaya ta bi amarya Ƙaura, biyu masu su sun rantse sun ɓata. Mai kaurin da kike tambaya ina nan ina bincike.

Mai Lofe ya tafi hutu ƙasarsu tare da kayan. Tarin da Rabi'u ya gaya miki ba wani abu ba ne, Hanatu tana dafa mini sassaƙe, wata rana da sauƙi wata rana babu. Allah ya kai mu azumi lafiya. Wasalam.

Tsafe, 14 ga Zulhajji

Zuwa ga Yaya Arzika, gaisuwa da barka da Sallah. Yaya jikin? Dogo ya ce mini ba ka fita Idi ba, kai kuma ka ce ba wani abu ba ne. Ɗayanku yana yi mini ƙarya, kuma na san Dogo.

Laya goma sha biyu suka zo hannuna. Ta maƙeri ba ta karantuwa. Biyu kuma da na farke sai na tarar na waɗanda na riga na riƙe da ka ne, na yi dariya har Wasila ta leƙo ta ga ko lafiya. Tara suka rage, na gama shida.

Bari ka ji yadda nake aikin. Daga hantsi zuwa azahar nake da ido. Sai in jawo tabarma bakin ƙofa, in kafa hancina a takarda kamar kaza tana tsintar tsaba. In hadari ya taso ranar ta tafi ke nan, kuma bana damina ta yi albarka, kowa yana murna ni ina ƙirga ranakun da ta cinye mini. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya tun bayan azumi. Bayana ciwo, wuyana ciwo. Wata rana in ja layi ɗaya in kwanta.

Abin da yake cin lokaci shi ne ƙidayar Malam ba a gane ta da kunne. Don kansa ya rubuta, ya taƙaice, akwai alamun da ba ka sanin me suke nufi sai alƙalami ya kai ka wurin ka ga inda layin yake son bi. Wasila ta gwada riƙe alƙalamin ina faɗa mata, ta yi haƙurin kwana uku, hannunta na kaɗi ne da tuƙin tuwo, da'irarta ta fito kamar ƙwan zabo. Don haka duk wadda na gama sai in sake rubuta ƙidayarta da Hausa sarai, yadda ko Rabi'u zai bi. A bayan takardar nake rubutawa, a tsakiya, inda wuƙar baduku ba za ta kai ba. A sama kuma na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan ba laya ba ce, ka gaya wa limaminku.

Manu ya dawo da shanu, Rabi'u ya ce bajimin ya dawo wuya fayau, wata ƙaya a daji ta sami albarkar Malam. Iya Yelwa na ce a ƙyale ta da gwiwarta.

Saura Rijiya Tara. Yaya, in kai ka manta, badukun da ya ɗinka bai manta ba, sai da ya yanka mata fata ta daban. Ka tambaye shi. Ita kaɗai za ta ci mini wata biyu, kuma a yadda nake jin idon nan ban ba shi ya wuce kaka ba. In ta zo kafin a yanke gero zan iya. Allah ya ba ka lafiya. Wasalam.

Gusau, 11 ga Rajab, 1343

Daga Arzika zuwa ga ƙanwata Shafa'atu. Gaisuwa, in har za ki karɓa.

Takardarki ta Zulhajji ta zo, da ta Safar, da saƙon bakin da kika ba Dogo lokacin yankan gero. Duk sun same ni. Wata bakwai ban ba ki amsa ba, kuma ba ciwo ne ya hana ni ba.

Labari biyu ne, bari in fara da mai sauƙin faɗa. Mai Lofe ba zai dawo ba, ya ajiye aiki. Ya aiko wa Lukuman wasiƙa da hoto, Lukuman ya kawo mini har gida. Bayan an tashi daga baje kolin sai ya kai kayan wani babban gida a garinsu, inda ake ajiye irin waɗannan abubuwa mutane su riƙa zuwa kallo. Na ga takardun Malam a hoton, kowace cikin gilashi, wasu mata biyu da manyan huluna suna tsaye suna dubawa. Lukuman ya ce a bakin ɗakin an rubuta cewa kayan Mai Lofe ne da ya tara da kansa, a ƙarƙashin kowace takarda kuma an sa aikin wani malami ne da ba a san sunansa ba. Wannan ma ni ne. Ranar bariki Mai Lofe ya tambaye ni wa ya zana, na ce Malam, don bakina bai iya kiran sunan mahaifina a gaban jama'a ba. Sunan kuwa yana ƙarshen kowane rubutun da na yanke. Na yi zancen aro, Lukuman ya ce sabon Baturen bai san da maganar ba, ya ce in ɗauka girma aka yi mana.

Na biyu shi ne wanda ya hana ni rubutu. Rijiya Tara tana damtsena tun ranar da aka ɗinka ta. Ni na zaɓe ta, na ce ni ne babba, babbar tawa ce. Da takardarki ta zo kina kwatanta ta, na kai hannu zan kwance, a cikin makon ne kuwa na fara ganin jini a tari. Sai na ce bari a ga Juma'a. Juma'a ta zo na ce ta gaba. Na san lissafin layi ne, Shafa'atu, kin karanta mini, na yarda, kaina ya sani sarai, amma hannuna ya ƙi. Duk sanda na taɓa igiyar sai in ji kamar ita ce take riƙe da numfashina. Ranar da Rabi'u ya tsaya a kaina yana tambaya, tana ƙarƙashin hannun rigata. Iya Yelwa ta fi ni, ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Yau da safe na ba Hanatu wuƙa na juya fuskata ta yanke igiyar. Ga ta nan a hannun Dogo. Na san kaka ta wuce, ban kuma yi ƙarfin halin tambayarsa yadda idon yake ba. Na gaji da tsoro, na gaji da kunyarki. Ki yafe mini in za ki iya. Wasalam.

Tsafe, 15 ga Rajab

Zuwa ga Yaya Arzika, gaisuwa da sannu da jiki. Wasila ce take rubutawa, ni ina faɗa mata.

Idon dama ya rufe ana girbin dawa. Wanzamin 'Yankuzo ya zo ya gwada, bai yi ba. Na samu na gama goma sha uku, tara da kuka samo da huɗun da ke kaina, Rabi'u zai kai su ɗakin Malam.

Da aka karanta mini takardarka na faɗi maganganu a kanka, Wasila ta ce ba za ta rubuta su ba, ni ma yanzu ba na so ta rubuta. Layar kuma na yini da ita a hannu ina jin kaurinta. Ban farke ta ba. Ko an karanta mini babu mai jan layin.

Na sa Wasila ta yi mata sabuwar igiya, Dogo zai kawo maka. A wurina ba ta da sauran aiki, kai kuwa kana bukatarta. Na yafe maka duniya da lahira. Ka mayar da ita damtsenka, ka ce wa Hanatu ta ɗaure da kyau. Wasalam.